Masu Ƙarar Lens da Ire-irensu

Lens ɗin kyamarar zamani abu uku ne a cikin gwangwani ɗaya: gilasan da ke tattara haske, ɗan injin da ke matsar da wasunsu gaba da baya har hoto ya fito tar, da ƙofar haske mai buɗewa da tsukewa. A gindinsa akwai jerin ɗigo-ɗigo masu ruwan zinare, ta nan yake karɓar wuta da umarni daga jikin kyamara. Idan hoto ya fito dishi-dishi, ko kyamara ta ƙi ɗauka, matsalar ba ta wuce wuri huɗu: lens, jikin kyamara, mahaɗarsu, ko mutumin da ke riƙe da su. Littafin da kamfani ke sakawa a kwali ya yi bayanin ukun farko dalla-dalla. Na huɗun ba a cika rubuta shi ba, alhali shi ya fi kawo wa masu gyara ciniki, kuma yana da rabe-rabe da alamomin da ake gane shi da su tun daga bakin ƙofar shago.

Wanda ya fi yawa shi ne Mai Sanar da Rasuwa. Yakan shigo da lens naɗe a hankici, fuska babu walwala, ya ajiye shi a hankali bisa tebur ya ce, "Oga, sai haƙuri. Jiya ana tsakiyar kamu ya cika." Mai gyara ba ya ko ɗaukar sukuddireba. Zai juya lens ɗin, ya sa farce ya tura wani ɗan makunni daga MF zuwa AF, ya ɗaura a kyamara, ya taɓa maɓalli, sai a ji mamaci ya yi ƙara. AF na nufin lens ya saita kansa, MF kuwa mai hoto ya murɗa da hannu, kuma makunnin yakan goce a cikin jaka ba da sanin kowa ba. A Nikon irin su D90 da D7000 akwai wani na biyu a jikin kyamarar, dab da gindin lens, saboda haka wannan mutum yana da hanya biyu ta yin zaman makoki.

Danginsa suna da yawa. Akwai mai dogon lens 70-200 da ya rantse cewa nasa ya daina ganin na kusa, alhali makunnin taƙaita nisa ne ya koma kan mita 2.5 zuwa sama, wanda aka yi shi don kada lens ya ɓata lokaci yana lalube a kusa idan abin ɗauka yana nesa. Akwai mai ƙaramin 18-55 na Nikon irin wanda ya fito a 2014, mai shigewa cikin kansa, wanda sai an danna maɓalli an murɗo shi waje kafin kyamara ta yarda ta yi aiki. Akwai mai lens ɗin STM na Canon da ke murɗa zoben saiti kyamara tana kashe, yana mamakin yadda ba abin da ya motsa, bai san zoben ba a haɗe yake da gilasai ba, saƙo kawai yake aika wa inji, inji kuwa sai da wuta. Akwai kuma wanda yaron shagonsa ya ga wani darasi a waya, ya mayar da aikin saiti kan maɓallin baya mai suna AF-ON, ya tafi hutu bai gaya wa kowa ba. Abin da ya haɗa su duka shi ne ba sa murna da saurin warkewa. Mutum ya biya kuɗin adaidaita sahu, ya riga ya shaida wa abokan sana'a irin jarrabawar da ta same shi, sai a gyara da farce a gabansa? "Oga, a dai duba sosai," in ji shi. Shi ya sa gogaggen mai gyara yakan shige da lens ɗin ɗakin baya, ya sha shayinsa, sannan ya fito da shi. Wannan ba ha'inci ba ne muddin bai karɓi kuɗi ba, suturta bawan Allah ne.

Na biyu shi ne Mai Ƙarfi. Aƙidarsa ita ce duk abin da ya ƙi shiga bai ji hannu ba ne. Hujjarsa kullum ɗaya ce: "Wannan Canon ne, wannan ma Canon ce." Gaskiya ne, sai dai gidan Canon ɗakuna ne da yawa. A 1987 kamfanin ya yi watsi da tsohon bakinsa na FD ya kawo EF. A 2003 ya ƙaro EF-S don kyamarori masu ƙaramar sensa, a 2012 EF-M, a 2018 kuma RF. Lens ɗin EF mai jan ɗigo yana hawa kyamara mai babbar sensa da mai ƙarama. EF-S mai farin murabba'i kuwa ba ya hawa mai babbar sensa irin su 5D da 6D, da gangan aka yi masa shamaki, domin gindinsa ya fi kutsawa ciki kuma babban madubin da ke cikin kyamarar zai iya bugunsa idan ya ɗaga. Mai Ƙarfi bai ɗauki wannan shamaki a matsayin gargaɗi ba, ƙalubale ya ɗauke shi. Idan kuma aka ba shi aron Nikon, wadda lens ɗinta ke murɗuwa ta ɓangaren da ya saba wa na Canon, sai ya ci gaba da murɗawa yadda ya saba, yana ƙara azama. Ƙananan lens masu araha da yawa bakinsu na roba ne, kunnuwansu uku ba sa jure irin wannan tarbiyya. Ana gane shi da abu biyu: ko ya zo da lens da kyamara sun cije sun ƙi rabuwa, ko ya zo da wani ɗan guntun roba a aljihun gaba yana tambaya ko yana da amfani.

Mai Tsintar Araha ya fi shi hankali, amma bai fi shi kwanciyar rai ba. Yana da Nikon D3200 ko D5300, ya ga 50mm f/1.8D na hannu a farashin da bai kai na sabon f/1.8G ba, ya saya yana jin ya yi wa kasuwa wayo. Lens ya hau lafiya lau, haske ya yi daidai, amma saiti ko gezau. Dalili shi ne lens masu harafin D irin wannan ba su da inji a cikinsu, wani ɗan sukuru ne daga jikin kyamara ke shiga gindinsu yana juya su. Tun daga D40 ta 2006 Nikon ta cire wannan inji daga ƙananan kyamarorinta, don haka duk jerin D3000 da D5000 sai lens mai injin kansa, irin AF-S. Ba lalacewa ba ce, ba kuma abin da mai gyara zai iya yi ban da jaje. Daga nan mutumin yakan zama mai wa'azin saitin hannu, yana cewa ƙwararrun da ma haka suke yi.

Ko da ya yi sa'a kyamararsa mai sukuru ce, akwai sauran rina a kaba. Irin wannan lens yana da zoben ƙofar haske, kuma idan ba a murɗa shi zuwa lamba mafi girma ba, wato 22 da aka rubuta da ruwan lemo, aka kulle, kyamara za ta yi ta ƙyafta FEE ta ƙi ɗauka. Ɗan'uwansa na ɗaya gefen shi ne wanda ya saya wa tsohuwar D90 sabon lens na AF-P, irin waɗanda suka fito a 2016. Wannan nasa ya fi muni, domin tsohuwar ba ta san yadda ake magana da sabon inji ba, kuma tunda zoben hannun ma ta inji yake bi, ba saitin kai, ba na hannu.

Sarkin Adafta ya cancanci dogon bayani, domin shi kaɗai ne a cikinsu ke neman matsala da kuɗinsa, da saninsa, yana kuma alfahari da ita. Ilimin da ke ƙarƙashin sarautarsa mai sauƙi ne. Kowane lens an ƙera shi ne don ya zauna a wani ƙayyadadden nisa daga sensa: milimita 44 a Canon EF, 46.5 a Nikon F wanda ke nan tun 1959, 45.46 a tsohon baki mai zare na M42, 18 a Sony E, 20 a Canon RF, 16 a Nikon Z. Adafta zobe ne da ke cike gibi. Idan nisan da lens ke buƙata ya fi na kyamara, sai zobe ya cike ragowar, kowa ya huta. Shi ya sa kyamarori marasa madubi, masu gajeren nisa, suke karɓar kusan kowane tsohon lens. Idan kuwa nisan kyamara ne ya fi, babu zoben da zai rage tsawo, tunda ba a ƙera ƙarfe mai kaurin ƙasa da sifiri. Sarkin Adafta ya san wannan sarai, amma ya ɗauko Helios 44-2, lens mai milimita 58 da aka ƙera a Tarayyar Sobiyet, ya ɗaura wa Nikon mai madubi. Bambancin milimita ɗaya ne da 'yan kai, sai kaurin zoben, amma ya isa ya hana lens ganin duk abin da ya wuce 'yan taku. Maimakon ya saduda, sai ya sanar cewa shi yanzu fuska da furanni kawai yake ɗauka, hoton nesa aikin 'yan koyo ne. Akwai adafta mai gilashi a ciki da ke maido da nesa, tana kuma rage kyan hoto, wannan ma yana da ita guda biyu.

Jakarsa cike take da zobba, wasu ya manta na mene ne. Yakan haɗa biyu ko uku a jere har lens ya yi gaɓa-gaɓa kamar rake, kowace gaɓa da ɗan girgizarta. Zoben ƙarfe zalla ba shi da ɗigon wuta, don haka kyamara takan ɗauka babu lens a jikinta ta ƙi ɗauka, sai an shiga saituna an ba ta izini. Zobe mai wuta kuwa tafinta ne tsakanin kamfanoni biyu da ba su taɓa yin alkawarin fahimtar juna ba, yau ya yi aiki, gobe a sabunta manhajar kyamara ya daina. Har adaftar gida ba ta da cikakken magani: FTZ ta Nikon tana ɗaukar lens na F zuwa Z, amma ba ta da sukurun nan, don haka lens masu harafin D da ke dogara da shi sun koma na hannu. Idan ya ƙara da gilashin ninka nisa sau biyu a kan lens mai f/5.6, ya zama f/11, alhali kyamarori masu madubi da yawa ba sa iya saita kansu idan haske ya gaza na f/5.6. A yi masa adalci, ya fi kowa sanin lambobin nan, kuma wani lokaci hotonsa yakan fito da wani irin kyau da ba a samu a sabon lens. Matsalar ita ce kafin ya gama ɗaurawa an riga an shafa fatiha.

Mai Wangale Ƙofa ya ji an ce ƙaramar lambar ƙofar haske ita ke narkar da bayan hoto, tun daga ranar bai sake barin f/1.8 ba. Lissafin zurfin saiti bai san da sha'awarsa ba. Lens mai milimita 50 a f/1.8, a kan babbar sensa, idan mutum yana nisan mita ɗaya da rabi, abin da zai fito tar bai wuce kaurin santimita 10 ba. A mita uku ya kusa santimita 40. Wannan ya ishi amarya ita kaɗai, bai ishi sahu uku na dangi ba. Sakamakon shi ne hoton da ƙawayen gaba suka fito har ana ƙirga gashin ido, uwar amarya kuwa, wadda ta biya kuɗin aikin, ta zama hazo mai ɗaurin ɗankwali. "Malam, ni ina nake a nan?" "Hajiya, ai salon ke nan, haka ake yayi." Hajiya ba ta yayi, kuma cikon kuɗi yana hannunta. Washegari sai ga shi a shago yana cewa lens ɗin yana zaɓen mutane. Maganinsa ya tsuke ƙofa zuwa f/5.6 ko f/8, ya ƙara haske. Yakan karɓi shawarar da irin fuskar wanda aka ce ya sayar da gado.

Mai Kutsawa gajeren labari ne. Yana son ɗaukar zanen lalle ko zobe, sai ya kai lens dab da yatsa. Kowane lens yana da iyakar kusanci, a rubuce a jikinsa. Tsohon 50mm f/1.8 II na Canon santimita 45 ne, na STM 35, kuma daga sensa ake aunawa, inda aka yi alamar da'ira da layi ya ratsa ta a saman kyamara. Taku ɗaya baya ya wadatar, shi dai ba ya son ja da baya ne.

Mai Zargin Saiti kuwa duk dishi-dishi a wurinsa laifin inji ne. A zauren biki mai ƙarancin haske zai auna tsakiyar farar shaddar ango, lens ya yi ta kai da komo yana gurnani. Na'urar saiti gefe take nema, wurin da duhu ya haɗu da haske, farar shadda kuwa ba ta da shi. Da ya ɗaga kaɗan zuwa aikin wuya ko ido, da an wuce wurin. Sauran hotunansa kuma girgiza ce ta ɓata su. Tsohuwar ƙa'ida ita ce saurin shota kada ya gaza ɗaya bisa tsawon lens, wato a milimita 200 a nemi 1/200 ko fiye, shi kuwa yana kan 1/30. Idan an gaya masa sai ya nuna IS ko VR da ke jikin lens. Wannan rawar hannun mai hoto yake ragewa, ba shi da iko a kan mai taka rawa a fili. Bambancewar ba wuya: in wani abu dabam a hoton ya fito tar, misali kujerar baya, saiti ne ya kauce. In ba abin da ya fito tar ko ɗaya, hannu ne.

Mai Gwaji ba ya zuwa biki. Yana gida ya jera batura biyar a karkace bisa tebur, ko ya jingina rula, ko ya fuskanci bangon bulo, yana ɗauka yana zuƙowa a kwamfuta har hoto ya zama ƙwaya-ƙwaya. Abin da yake farauta gaskiya ne akwai shi. A kyamara mai madubi na'urar saiti dabam take da sensar hoto, tana ƙasan madubi, kuma ɗan saɓani tsakaninsu yakan sa saiti ya faɗa gaban abin da aka nufa ko bayansa. Don haka manyan kyamarori suke da wurin gyara daga -20 zuwa +20, Sigma ma ta fitar da wani ɗan faifai a 2013 da ake ɗaura lens a kai a daidaita shi ta kwamfuta. Gwajin ƙwarai ɗaya ne: a kafa kyamara a kan mai ƙafa uku, a ɗauka ta tagar leƙe, a sake ɗauka ta allon baya inda sensa da kanta ke saiti, a kwatanta. Aikin rabin sa'a ne. Shi kuwa ya sa +7 ranar Litinin, ya koma +4 ranar Laraba, ya kwana yana tunanin +5. Kyamarori marasa madubi sun kusa kashe wannan matsala tunda a kan sensa suke saiti, abin da ya jefa shi cikin kaɗaici na ɗan lokaci, kafin ya gano cewa kusurwar hagu ta fi ta dama laushi. 'Ya'yansa sun girma ba su da hoton kirki, amma bangon gidan yana da tarihi cikakke.

Dattijo Mai Tabarau ƙararsa ta bambanta: a tagar leƙe komai hazo, amma hotuna suna fitowa garau. A gefen tagar akwai wani ɗan gare da ke daidaita ta da ƙarfin idon mai kallo, ba ruwansa da hoto. Ko ya goce, ko wani jika ya murɗa, ko kuma idon ne ya ƙara shekara. Ana murɗa shi har lambobin cikin tagar su fito sosai. Mai gyara mai ladabi yakan ce, "Alhaji, yara ne suka taɓa." Ba a kawo zancen na ukun.

Sai tagwaye biyu da ba sa ga maciji. Na farko yana canza lens a tsakiyar hawan Daushe, cikin ƙurar dawaki, bakin kyamara yana kallon sama, murfin baya kuwa ya ɓata tun bara. Idan gilashi ya yi datti sai ya huce masa ya goge da gefen riga, ƙurar hunturu kuwa tana da yashi mai kartar gilashi. Wata rana Canon ɗinsa za ta rubuta Err 01, wato magana ta yanke tsakaninta da lens, sau da yawa saboda maiƙo da datti a kan ɗigon nan masu ruwan zinare. Busasshen ƙyalle mai tsabta yakan isa. Yakan kuma kawo lens a wanke masa saboda baƙaƙen tabo a sararin sama, alhali tabon da ke bayyana a f/16, a wuri ɗaya a kowane hoto, a kan sensa yake. Ƙurar cikin lens ba kasafai ake ganinta a hoto ba. Na biyun kuwa ya goge nasa safe da yamma har rufin gilashin ya fara kwailewa, sannan don tsananin so ya sa shi a jakar fata, ya kulle a ƙasan akwati duk damina. Duhu da laima da rashin iska su ne abincin fumfuna, wadda ke yaɗuwa zare-zare a cikin gilashi, in ta daɗe ta ci rufin har abada. Wurin ajiya mai laima tsakanin kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari ake so, ko aƙalla roba mai murfi da 'yan ƙunshin silika. Abin takaici shi ne lens ɗin ƙazamin yakan fi na mai tsabtar tsawon rai, domin yana shan iska da rana.

A kusa da kowane ɗayansu akwai Mai Shawara, wanda ba shi da kyamara amma yana da waya. Maganinsa uku ne ko mene ne ciwon: a cire batir a mayar, a sabunta manhaja, a koma wani kamfanin. Na farkon yakan yi aiki jefi-jefi, wannan ne ya sa har yau ba a kore shi daga bencin shago ba.

Na ƙarshe shi ne wanda lens ɗinsa ya lalace da gaske, kuma shi kaɗai ne ke shigowa da fara'a yana cewa ƙaramar matsala ce. Mai gyara yana da hanyar tantancewa: ya ɗaura lens ɗin a wata kyamara, ya ɗaura wani lens a kyamarar mai ƙara. Inda ciwon ya bi, nan yake. In ya bi lens, sai a duba alamu: zoben da ke cijewa a wuri ɗaya, ƙarar wani abu yana yawo a ciki, gefe guda na hoto tar ɗaya gefen dishi-dishi saboda wani gilashi ya karkace, ko kuskuren da ke zuwa a wani tsawon zuƙowa kawai, alamar siririyar wayar ciki ta tsage saboda yawan lanƙwasa. Wannan na ƙarshen tsufa ne, ba laifin kowa. Sauran kuwa yawanci ƙasa ce ta yi su. "Malam, ya taɓa faɗuwa?" "Ko kusa, Oga. Ni da nake lallaɓa shi." Mai gyara zai nuna masa bakin filta da ya lotse, da ɗan burbushin siminti a cikin zaren. Sai a yi shiru. Daga nan bayani yakan fito kashi-kashi: bai faɗi ba, zamewa ya yi. Ba daga sama ba, daga kan kujera. Kujerar tana kan dandamali. Kuma ba shi ba ne, yaro ne, yaron ma an riga an yi masa faɗa. Sai an kai nan ake buɗe lens, domin sanin ta gefen da ya bugu yana rage wa mai gyara rabin lalube, kuma a nan ne ake gaya wa mai shi cewa kayan gyaran sai an yi odarsu, in lens ɗin ƙaramin 18-55 ne kuwa kuɗin aikin zai iya kamo na sayen wani na hannu.